Kujerar Baya ta Marsandin Yaya Illiyasu

Yayana Illiyasu ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana kallon Alƙahira ta gilashin gaba, hannu a kan sitiyari, wani yana bayansa yana gaya masa inda zai karya kwana. Abu ɗaya ya sa a ransa duk tsawon lokacin nan, kuma bai taɓa ɓoye mini shi ba: wata rana ya zauna a kujerar baya ta motarsa ta kansa, a ja shi, jama'a su gani. Masu jin wannan buri sukan yi dariya. Ni ma na yi tawa, kafin in gane da gaske yake.

Sunana Hassumi. Ina da ɗan shagon abinci a unguwar Hayyin Ashir, inda ɗaliban Najeriya da na Nijar suke zuwa cin shinkafa da wake idan ful da ta'amiyyar Misirawa sun fita ransu. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da Illiyasu, a Birnin Damagaram aka haife mu, kuma dukawa ne mu kaka da kakanni. Babanmu tumtum yake ɗinkawa, da jakunkuna da takalma, da jar fatar akuya wadda shi da kansa yake zuwa majema ya zaɓo.

Illiyasu ya tashi hannunsa jajir da rinin karan dafi. Tun bai isa azumi ba ya iya yanka fata a miƙe, ya iya riƙe basilla, amma ya tsani sana'ar kamar mutuwarsa. A makaranta yara kan toshe hanci idan ya shigo aji, su ce ga majema ta iso. Shi ya sa da ya samu gurbin karatu a Masar ya rantse a gaban innarmu cewa shi da fata har abada. Baba bai hana shi tafiya ba. Ya dai ɗinka masa gafakar sa littafi, ya rataya masa a wuya a tashar mota.

Karatun bai kai ƙarshe ba. Baba ya kwanta ciwo, gida ya dawo wuyan Illiyasu, tallafin da ake ba ɗalibi kuwa ko shi kaɗai ba ya riƙe shi, balle gida guda. Ya ajiye littafi ya koyi tuƙi. Har yau akwai waɗanda suka sauka jirgi ɗaya da shi, yanzu sun zama daktoci, masu miƙa masa yatsu biyu a ƙofar masallaci suna cewa Allah ya kyauta. Ina so su sani cewa tuwon da muka ci a Damagaram shekara da shekaru ba daga digirinsu ya fito ba.

A unguwar Mohandessin ya samu aiki, wurin wata tsohuwa da ake kira Madam Mahasin. Mijinta likitan haƙori ne, ya rasu ya bar mata gida a hawa na uku da wata tsohuwar mota. Siririya ce mai kaifin baki, ba ta fita sai da jan-baki ko da asibiti za ta. Ba muguwa ba ce, kada in ɗau alhakinta. Takan aiko masa da shayi ƙasa, ta san sunan innarmu, da aka yi rasuwar Baba har kuka ta taya shi. Amma in ta shiga mota ba ta cika kiran sunansa ba. Zobenta take ƙwanƙwasawa a bayan kujerarsa: sau ɗaya yana nufin mu tafi, sau biyu yana nufin tsaya.

Motar Marsandi ce baƙa, doguwa, irin ta farkon shekarun sittin, mai 'yan ƙananan fikafikai a baya, giyarta a jikin sitiyari, gabanta katako mai sheƙi. Tarihinta a cunkoson titi Illiyasu ya ji shi, guntu-guntu, domin Madam ba ta iya zaman shiru idan mota ta tsaya.

Wani attajirin auduga na garin Mansura ne ya fara sayen ta. Bai daɗe da karɓo ta daga tashar jiragen ruwa ta Iskandariya ba sai gwamnatin lokacin ta shiga karɓe dukiyoyin manya. Tsoro ya kama shi, ya kai ta ƙauyensu ya sa aka binne ta cikin tarin karan auduga. Can ta kwashe shekaru, ɓeraye suna cin rufinta, har mutumin ya mutu bai more ta ba. 'Ya'yansa suka tono ta suka sayar wa ofishin jakadancin wata ƙasar Afirka, aka huda mata gefen gaba aka kafa tuta. Da aka yi juyin mulki a ƙasar jakadan aka kira shi gida, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, motar ta faɗa hannun wata zabiya mai waƙa a gidajen biki. Ita kuma ta sa aka shafe ta da farin fenti, tana hawa tana ba da hayarta ana ɗaukar amare. Daga hannun zabiyar nan likitan haƙori ya saye ta, ya mayar da ita baƙa.

Abin da Illiyasu ya lura da shi, wanda Madam ba ta taɓa lura ba, shi ne a cikin mutanen nan duka babu wanda ya taɓa riƙe sitiyarin. Kujerar baya ta gefen dama ta lotsa saboda nauyin masu ita. Ta direba kuwa ta tsage, an yi mata faci a kan faci, kuma babu mai iya kawo sunan ko mutum ɗaya da ya zauna a kanta. Ya taɓa tambayar Madam su wa suka ja motar kafin shi. Ta yi tunani, ta ce akwai dai wani Banube, mutumin kudancin Masar, dogo mai yawan tari. Iyakar abin da aka tuna ke nan.

Daga baya motar ta gaji. Yau tafasa, gobe birki, jibi ta ƙi tashi gaba ɗaya. Madam ta sayi wata 'yar ƙarama, aka tura Marsandi ƙarƙashin bishiya a ƙofar gida aka lulluɓe ta. Kyanwoyin layin suka mayar da ita ɗakin haihuwa. Tayoyi suka kwanta, tsatsa ta ci ƙasan ƙofofi, mai gadin gidan ya riƙa ajiye bokitinsa da tsummansa a but. Illiyasu ne kaɗai kan ɗaga tamfol ya share ganye.

Da Madam ta ji jikinta ya fara ƙi, 'ya'yanta kuma suna ƙasar waje babu mai sha'awar tarkace, sai ta ce masa ya kai ta ofishin rajistar motoci. Da ƙafarta ta shiga, tana dogara sanda, ta sa hannu aka mayar da motar sunansa.

"Ka sayar wa masu gwangwan, ya Ilyas," in ji ta a hanyar dawowa. "Ka sha shayi da abin da suka ba ka."

"Insha Allahu, Madam," ya ce. Shi da kansa ya gaya mini tun a lokacin ya san ba zai sayar ba.

Ba ta kai azumin shekarar ba. Bayan an yi makokinta aka ɗauko motar a bayan babbar mota aka sauke a filin da ke bayan shagona. Ranar kasuwata ta tsaya, kowa ya bar kwanonsa ya fita kallo. Wani ɗalibi ya ce Malam Illiyasu ya samo mana akurki. Sunan ya bi ta. Ni kaina na tsaya da ludayi a hannu na ce, "Yaya, mutane suna gadon gida, kai ka gaji kyanwoyi."

"Ki dai bar mini wurin, Hassumi," ya ce. "Ba zan tare miki hanya ba."

Ya tare mini hanya shekara biyar. Ya samu aikin jan motar ma'aikatan wani kamfani, duk abin da ya rage masa na lokaci da na aljihu cikin akurkin nan yake tafiya. Bai san kanikanci ba sai abin da direba ke sani, don haka ya riƙa zuwa Hirafiyyin, unguwar masu gyaran mota, yana tsayawa a kan masu aiki yana tambaya har su gaji da shi. An cuce shi ba sau ɗaya ba. Ya taɓa sayo lagireton da ya fi tukunyata yoyo. Ya taɓa ɗaure injin gaba ɗaya sannan ya ga ƙusoshi sun rage a faranti, ya zauna ya sake kwancewa. Da ya kankare fenti ya tarar da farin zabiya a ƙarƙashin baƙin likita, ya tarar da hujin tutar jakada an toshe da dalma, a cikin ƙofar baya kuma har da 'ya'yan auduga da suka bushe. Ya zuba su a kwalba ya ajiye.

A kasuwar tsofaffin kaya ta Wikalatul Balah ya haɗu da Isam. Injiniya ne, shi ya sa kowa Bashmuhandis yake ce masa, kuma shi ne shugaban wata ƙungiya ta masu tsofaffin motoci. Ya ji Illiyasu yana cigiyar ragar gaban Marsandi, ya tambaye shi ta wa yake gyarawa. Da ya ga hoto a waya sai ya biyo shi har Hayyin Ashir, ya shiga ƙarƙashin motar da farar rigarsa. Zan faɗi gaskiya a kan mutumin nan: ya so motar, kuma ya taimaka. Shi ya samo ragar, shi ya haɗa Yaya da mai bugun bodi na ƙwarai, ya ci dambuna ya yi santi. Ya ce duk shekara ƙungiyarsu tana jerin gwano a bakin Nilu cikin hunturu, in motar ta tashi a ƙafarta za a ba ta gurbi.

Tun daga ranar Illiyasu ya san inda zai zauna a kujerar baya, da kuma idon da zai gan shi.

Kujeru ne suka zo ƙarshe. Ta gaba ya kai wa mai ɗinkin kujeru a Hirafiyyin, aka ja mata baƙar leda, bai ko tsaya zaɓe ba. Ta baya kuwa ya ɗauko ya shigo da ita ɗakinsa. Ya yi waya Damagaram, wani ɗan kasuwa ya taho masa da jar fatar akuya, jimar bagaruwa, ƙamshinta ya cika bene. Sannan ya zo ya tsaya a ƙofar kicin ɗina yana sosa ƙeya.

"Hassumi, kayan aikin Baba suna wurinki?"

Suna wurina. Ni na ƙulle su a tsumma na taho da su lokacin da na zo Masar, ban ma san dalili ba.

"Ba kai ka rantse ba?" na ce.

"Na yi kaffara tun jiya. Miƙo."

Mutumin da ya gudo daga fata har ya tsallake sahara, shi ne ya tanƙwashe ƙafa a tabarma, basilla a hannu, zare a baki. Da farko hannun ya yi tauri, ya ɓata fata biyu. Daga baya ya tuno. Ya ƙyasta gefunan da koren zare, ya yi dagi ɗaya a tsakiyar majingina, irin wanda Baba ke yi a kan tumtum. Ranar da ya gama na shiga na gani, na fita da sauri wai miyata za ta ƙone, alhali hawaye ne suka zo mini. Ya mayar da kujerar mota ya rufe ta da farin ƙyalle. Ko shi bai gwada zama ba, ya ce sai ranar.

Da Isam ya zo duba ta na ƙarshe, ya ɗaga ƙyallen ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba ta kamfani ba ce, ya Ilyas."

"Ba ta kamfani ba ce, Bashmuhandis. Ta mai motar ce."

Isam ya shafa dagin da yatsa. Ya ce wasu a ƙungiyar za su yi gunaguni, amma ma'alish, ba komai, zai san yadda zai yi da su, sai dai za a sa motar a ƙarshen layi. Suka yi musafiha a kan haka. Babu wanda ya ta da maganar wa zai ja motar. Isam bai faɗa ba, domin a wurinsu abin bai kai a faɗa ba. Illiyasu bai tambaya ba, domin a wurinmu ma bai kai a tambaya ba. Daga Damagaram har Kano, wa ya taɓa ganin mai babbar mota ya zauna yana fama da giya? Mai mota baya yake zama, gefen dama. Yaya ya sha ganin hotunan 'yan ƙungiyar kowa riƙe da sitiyarinsa, ya ɗauka tsayuwar hoto ce, ko kuma tsumulmular masu kuɗi ce ta hana su ɗaukar direba.

Ya nemo Ubaida, wani maƙwabcinmu Bamisire mai tasi, ya ɗinka masa baƙar kwat, ya saya masa farar safar hannu. Shi kuma ya sa aka yi masa babbar riga ta farar shadda, ya kafa hula. Ni aka ce in shiga gaba, gidan mai zaman banza. Na ce ai ni da nake tsaye a kan tukunya tun asuba ban san zaman banza ba, amma na shiga.

Safiyar Juma'a ce, gari da sanyi, tituna babu kowa. Ubaida ya buɗe ƙofar baya, Illiyasu ya tattare rigarsa ya yi bisimilla ya zauna. Na leƙa shi ta madubi. Bai jingina ba da farko, kamar baƙon da aka ba kujera a gidan surukai. Sai da muka hau gada sannan ya saki jiki, ya ɗora hannu a kan fatar, ya kalli gari ta gilashin gefe. Ya ce mini ashe akwai masallaci a wurin nan, shekara ashirin yana wucewa bai taɓa ganin sa ba.

A wani kulob na bakin kogi ake taruwa kafin a fita. Ƙofar shiga ƙunci gare ta, mota ɗaya take ɗauka, da ginshiƙi hagu da dama. Masu gadi suka hango farar shadda a baya suka ƙame suna sara mana. Muna kai hancin motar tsakanin ginshiƙan sai ga Isam ya taho da fara'a, ya leƙo ta tagar direba, ya ga Ubaida. Fara'ar ta tsaya. Ya zagayo tagar baya.

"Sabahul khair, ya Ilyas. Lafiya? Hannunka ne ke ciwo?"

"Lafiya lau, Bashmuhandis."

"To yalla, dawo gaba. Direban ya jira ka a waje tare da sauran direbobi."

Ya nuna gefen titi. Can kuwa ga su nan a tsaye, mutum goma sha wani abu, waɗanda suka kawo motocin iyayengijinsu suka goge suka miƙa makulli. Suna shan shayi a kofin roba.

Isam ya yi bayani a natse. Ƙa'idar ƙungiya ce tun kafuwarta: mai mota shi ke jan motarsa a jerin gwano. Alfaharin ke nan. Wanda duk aka gani a sitiyari, an san tasa ce.

Illiyasu ya ce, "Idan aka gan ka a sitiyari, an san taka ce. Idan aka gan ni fa?"

"Kai ma haka."

"Dube ni sosai, Bashmuhandis. In na riƙe sitiyarin nan a bakin Nilu, mutumin da ke tsaye a gefen titi me zai ce ya gani?"

Isam ya san amsar: direba za a ce an gani. Ba maƙaryaci ba ne, shi ya sa bai musa ba. Ya ce dai ƙa'ida ƙa'ida ce, in ya karya wa mutum ɗaya gobe kowa zai zo da direbansa.

A bayanmu motoci sun jeru, an fara danna hon. Raina ya ɓaci, kuma da Yaya ya fara ɓaci. Na juya na ce masa da Hausa, "Yaya, shekara biyar. Ka ja ta kawai mu shiga, wa ya damu?"

"Ni na damu," ya ce. Ko kallona bai yi ba.

Wani mai jar buɗaɗɗiyar mota ya fito yana ɗaga murya, ya ce a kira 'yan sandan hanya su janye wannan abin daga ƙofa. Jin haka Ubaida ya fara zufa cikin sanyin nan. Ashe lasisinsa ya ƙare bai sabunta ba. Ya kashe mota, ya cire safar hannun ya ajiye a kan sitiyari, ya ce, "Ma'alish ya Hajj, ina da 'ya'ya." Ya fice ya bi gefen titi da sauri.

Ga mota a tsakiyar ƙofa, babu direba. Baya a toshe da motoci har kan titi. Ni ko keke ban iya ba. Kowa ya zuba wa Illiyasu ido, domin yanzu dai dole ya sauko. Mai jar motar nan ya zo ya buga rufin da tafin hannu, ya ce da wa yake magana, wa ma ya gayyato shi. A nan ɓacin raina ya sauya wuri. Na sauke gilashi na gaya masa da Larabcina na kasuwa cewa ya ɗauke hannunsa daga dukiyar mutane, in kuma ƙaiƙayi hannun yake masa ga tasa can.

Illiyasu ya gyara wuyan rigarsa, ya jingina sosai.

"Khalas, ya isa haka, ya Ilyas," in ji Isam, murya ƙasa-ƙasa. "In ba ka sauko ba, sunanka ya fita. Ba bana kaɗai ba. Ba zan iya kare ka a gaban waɗannan ba."

"Na sani. Ka yi mini alheri da yawa, ban manta ba. Amma ba zan shiga wurin nan a kujerar gaba ba."

Isam ya dubi layin motoci, ya dubi agogonsa. Mafita ɗaya ce ta rage: a shiga da motar ciki, a zagaya filin, a fita ta ɗaya ƙofar. Ya ja tsaki, ya buɗe ƙofar direba, ya ture safar Ubaida, ya zauna a kan baƙar ledar nan. Ya murza makulli, injin ya tashi a bugu ɗaya.

Haka muka shiga. Filin cike da baƙi, mata da manyan huluna, masu hoto, yara da tutoci. Shugaban ƙungiya da kansa a sitiyari, wani baƙin mutum cikin farar shadda a baya kan jar fata. Jama'ar da ba su san abin da ya faru a ƙofa ba suka ɗauka babban baƙo ne aka shigo da shi, suka fara tafi. Masu hoto suka biyo mu a guje. Kunnen Isam ya yi ja, amma ya ja motar yadda ya kamata, a hankali, bai ko girgiza ta ba. Illiyasu bai ɗaga wa kowa hannu ba. Ya dai zauna, kansa a miƙe. Ni kuwa daɗi da haushi sun haɗu mini wuri guda.

Zagayen bai fi tsawon layin gidanmu ba. Isam ya fitar da mu ta ƙofar baya, ya faka a gefen titi, ya kashe. Ya ɗan zauna hannunsa a kan sitiyari.

"Ta yi kyau," ya ce. "Wallahi ta yi kyau. Ka yi asara, ya Ilyas."

"Na gode da tuƙi, Bashmuhandis."

Ya fita bai waiwayo ba. Tun daga ranar bai sake zuwa Hayyin Ashir ba, kuma na san abin yana damun Yaya fiye da yadda yake nunawa.

Muna nan zaune jerin gwanon ya fito. Motoci masu sheƙi, ɗaya bayan ɗaya, kowane mai mota riƙe da sitiyarinsa, suka wuce ta gabanmu suka miƙe bakin kogi. Illiyasu ya kalle su har ta ƙarshe ta ɓace. Direbobin nan masu shayi ma suka watse. Titi ya yi tsit.

Na ce ko in kira wani ya zo ya ja mu gida. Ya ce a'a, lokacin salla ya matso. Ya fito, ya tuɓe babbar rigar ya ninke ta da kyau, ya ajiye a kujerar baya gefen dama, ya ɗora hular a kai. Ya shiga gaba daga shi sai 'yar shara, ya gyara madubi, muka kama hanya.

A wata danja wajen Abbasiyya muka tsaya. Wani mai babur ya matso, ya ƙare wa motar kallo daga gaba har baya, ya leƙa jar kujerar, ya yi fito da baki.

"Masha Allah. Motar wa ce wannan, direba?"

"Tawa ce," in ji Illiyasu.

Mutumin ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce Allah ya ba mu irin taka, danja ta saki ya wuce abinsa. Na jira Yaya ya yi magana. Ya sa giya, ya saki birki a hankali, idonsa a kan hanya. Sai da muka yi nisa na ji ya sake faɗa, da Hausa wannan karon, kuma ba da ni yake ba.

"Tawa ce."